Shin numfashi ƙuna ne? Muhawarar malaman kimiyya na Sakkwato

Malama Asma'u:
Assalamu alaikum wa rahmatullah, iyayena da 'yan'uwana malamai. Akwai tambayar da ta hana ni sakewa tun ranar Talata, shi ya sa na kawo ta gabanku. Ina koya wa 'yan babbar sakandare darasin numfashi, na rubuta musu lissafin nan da kowa ya haddace, wato gulukos (sukarin da jiki yake samu daga abinci) 1 ya haɗu da oksijin 6, a sami kabon dayoksaid 6 da ruwa 6 da kuma ƙarfi, sai na ƙara da cewa jiki yana ƙona abinci kamar yadda wuta take ƙona itace. Wata yarinya ta ɗaga hannu ta ce, idan har ƙuna ne, me ya sa cikinmu ba ya toyewa, kuma ina tokar take zuwa? Na ba ta amsa gwargwadon hali, amma ni kaina amsar ba ta kwanta mini ba. Shin ya dace mu ci gaba da gaya wa yara cewa numfashi ƙuna ne, ko kuwa muna dasa musu kuskuren da zai yi wuyar cirewa?

Malam Sa'idu:
Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata Asma'u, Allah shi yi wa yarinyar nan albarka, domin tambayar mai hankali ce. Ni dai sama da shekara 30 na yi ina riƙe da alli kafin in yi ritaya, kuma ban taɓa samun misalin da ya fi na wuta saurin shiga kan yara ba. Ba mu muka ƙirƙiro shi ba ma. Antoine Lavoisier, Bafaranshen da ya raɗa wa oksijin suna, shi da abokin aikinsa Laplace sun sanya wata ƙaramar dabba dangin ɓera cikin mazubin da aka kewaye da ƙanƙara, wajen shekarar 1783, suka auna yawan ƙanƙarar da ɗumin jikinta ya narkar da yawan iskar da ta fitar, sa'an nan suka kwatanta da gawayin da aka ƙona. Lissafin biyu ya zo kusa da juna, sai Lavoisier ya yanke cewa numfashi ƙuna ne mai tafiya a hankali. Har gobe kuma, idan aka ƙona giram 180 na gulukos a ɗakin gwaji, ƙarfin da zai fito, kimanin kilojul 2,800, shi ne dai wanda jiki yake samu daga wannan gulukos ɗin. Iskar da muke shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda muke fitarwa kuwa ya sauko zuwa wajen kashi 16, kabon dayoksaid ya tashi daga kashi 0.04 zuwa wajen kashi 4. Wuta ma haka take yi wa iskar ɗaki. Abin da ya shiga ɗaya ne, abin da ya fito ɗaya ne, to a kan me za a hana mu kiran abu da sunansa?

Mu'azu:
Allah shi gafarta Malam, a yi mini haƙuri in sa baki gaban manya. Ni ɗalibi ne a sashen nazarin sinadaran jiki na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, kuma ba na jayayya da ko ɗaya daga cikin alƙaluman da Malam ya kawo. Inda nake ganin misalin wuta yana ɓatar da ɗalibi shi ne a tsakiyar hanya. A wuta, oksijin yana afka wa makamashi kai tsaye, ƙarfin ya fita lokaci guda, ya zama zafi da haske. A cikin ƙwayar halitta kuwa, oksijin ba ya taɓa haɗuwa da gulukos ko sau ɗaya.

Aikin yana farawa ne a ruwan cikin ƙwayar halitta, inda ake raba gulukos mai kabon 6 gida biyu, a sami fairubet guda 2 masu kabon uku-uku, da ribar ATP 2 kacal, wato sinadarin da ƙwayar halitta take adana ƙarfi a cikinsa don aikinta. Wannan matakin ba ya bukatar oksijin ko kaɗan. Daga nan fairubet yakan shiga maitokondiriya, wato 'yan ɗakunan samar da ƙarfi na cikin ƙwayar halitta, a yi ta ɓamɓare masa kabon ɗaya bayan ɗaya, na farko tun a bakin shiga, sauran cikin zagayen da Hans Krebs ya gano a 1937 a Sheffield ta Ingila, lokacin da yake gwaji da naman ƙirjin tantabara, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1953. A maitokondiriya ne duk kabon dayoksaid ɗin da muke fitarwa yake fitowa, alhali har yanzu oksijin da muka shaƙa bai shigo cikin maganar ba. Abin da ake tarawa a waɗannan matakai shi ne elektron da haidurojin, waɗanda wasu sinadarai 'yan dako suke kaiwa ga tantanin ciki na maitokondiriya.

A kan wannan tantanin akwai jerin sunadarai da suke miƙa wa juna elektron, kamar yadda leburori suke miƙa kwanon kankare hannu da hannu ranar zuba dakin. Duk miƙawa ɗaya, ana amfani da ɗan ƙarfin da ya saki a tura furoton zuwa ɗaya gefen tantanin, har su taru su yi yawa, kamar an yi famfon ruwa zuwa tankin sama. Hanyar dawowarsu ƙofa ce guda, wani inzayim, wato sinadarin da yake saurinta aiki a jiki, da yake juyawa kamar injin Kainji idan ruwa ya bi ta cikinsa, kuma juyawar nan ce take ƙera ATP. Peter Mitchell ne ya kawo wannan bayani a 1961, aka daɗe ana musu da shi, kafin a ba shi Nobel a 1978. To oksijin shi ne mutumin ƙarshe a layin leburorin. Shi yake karɓar elektron da suka gama aiki, ya haɗa da haidurojin, ya zama ruwa. Saboda haka oksijin da muke shaƙa ruwa yake komawa, ba kabon dayoksaid ba, kuma na tabbata yawancin ɗalibanmu akasin haka suka ɗauka, domin misalin wuta nan yake kai su.

Malama Asma'u:
Ƙanena Mu'azu, wallahi ni ma akasin haka nake koyarwa. Shekara da shekaru ina ce wa yara oksijin yana shiga ya fito a matsayin kabon dayoksaid. To oksijin da yake cikin kabon dayoksaid ɗin daga ina yake?

Mu'azu:
Daga jikin gulukos ɗin kansa, Anti, domin yana ɗauke da oksijin 6 tun asali, sai kuma daga ruwan da ake shigarwa cikin zagayen Krebs. Amsar yarinyar ma tana nan: ciki ba ya toyewa ne saboda ana sakin ƙarfin kaɗan-kaɗan ta hannun inzayim masu yawa, a kama wajen kashi ɗaya cikin uku ko ɗan fiye a cikin ATP, saura ya zama ɗumin da yake riƙe jiki a kan digiri 37.

Malam Sa'idu:
Ɗana Mu'azu, na ji daɗin bayaninka, kuma na yarda cewa Lavoisier ya yi kuskure wuri guda, domin shi a zatonsa cikin huhu ake yin ƙunar, alhali huhu kasuwar musayar iska ce kawai. Tun ƙarni na 13 likitan Larabawa Ibnun Nafis ya bayyana yadda jini yake barin zuciya ya ratsa huhu ya gauraya da iska, amma sai da aka jima ƙwarai kafin a gane cewa ainihin aikin a cikin kowace ƙwayar halitta yake. Sai dai ka tuna da wa muke magana. Yaron da bai gama rarrabe zarra da ƙwayar halitta ba, idan ka fara masa da elektron da furoton, ka rasa shi tun a ƙofa. Sa'an nan ina da tambaya. Mu ATP 38 daga gulukos guda muka koyar, littattafan da ke hannun yara ma haka da yawansu suke cewa, amma na ji ana cewa yanzu an rage. Wa ya rage, kuma da wane dalili?

Mu'azu:
Ranka shi daɗe, lissafin 38 an gina shi ne bisa ɗaukar cewa kowane ɗan dako yana ba da ATP 3 ko 2 cif-cif. Da aka auna sosai sai aka ga wajen 2.5 ne da 1.5, domin ana kashe wani ɓangare na furoton wajen shigar da kayan aiki cikin maitokondiriya, tantanin kuma yana ɗan yoyo. Shi ya sa littattafan jami'a na yanzu suke cewa 30 zuwa 32. Ko da wanne aka ɗauka, abin lura shi ne tazarar da ke tsakanin wannan adadi da 2 da ake samu idan babu oksijin.

Malam Sa'idu:
To ni shawarata ga masu aji a hannu ita ce su gaya wa yara duka biyun, su kuma duba abin da manhajarsu ta ɗauka kafin jarrabawa, kada ilimin malami ya jawo wa yaro asarar maki.

Dakta Nasiru:
Assalamu alaikum. Baba Malam, ina tare da Mu'azu a wannan magana, kuma dalilina daga gadon asibiti na samo shi. Kowace shekara idan hunturu ya kankama a Disamba da Janairu, akan kawo mana mutanen da suka kwana da kaskon garwashi a ɗaki sun rufe ƙofa da taga, wasu kuma janareta suka kunna a zaure ko a lungun da iska ba ta ratsawa. Gawayin da bai sami isasshiyar iska ba yana fitar da kabon monoksaid, iskar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda take manne wa himogulobin, sinadarin da yake dakon oksijin a jini, fiye da oksijin sau 200 ko fiye. Ɗakin yana da oksijin, huhu yana aiki, amma motar da za ta ɗauki kayan an cika ta da wani fasinja. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne, 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa tana iya nuna kashi 97 ko 98 alhali mutum yana cikin haɗari, domin ba ta rarrabe jinin da ya ɗauki oksijin da wanda ya ɗauki wannan guba.

Misali na biyu ya fi kusa da batunmu. Rogo mai ɗaci yana ɗauke da sinadarin da yake sakin sayanaid idan ba a jiƙa shi an shanya ko an toya yadda ya kamata ba. Sayanaid ba ya taɓa huhu, ba ya hana jini ɗaukar oksijin. Inzayim na ƙarshe a layin da Mu'azu ya kwatanta yake kamawa, wanda yake miƙa wa oksijin elektron. Da zarar na ƙarshe ya tsaya, duk layin ya tsaya, sai ka ga jini cike da oksijin amma ƙwayoyin halitta suna mutuwa. Wanda bai san numfashi ba sai a matsayin wuta da iska ba zai iya fahimtar wannan ba, domin ga makamashi ga iska, amma aiki ya tsaya. Ƙwaƙwalwa ce take fara jigata, saboda nauyinta wajen kashi 2 cikin 100 ne na jiki amma tana cin wajen kashi 20 na oksijin, kuma mintoci kaɗan take iya jurewa babu shi.

Malama Asma'u:
Likita, Allah shi saka da alheri. A bara maƙwabtanmu a Mabera sun tashi da asuba da ciwon kai da amai, su da yaransu uku, aka yi ta cewa abincin dare ne ya ɓaci, sai daga baya aka lura da kaskon da ke ƙarƙashin gado. Allah ya taƙaita, duk sun tashi. Me ya kamata a fara yi kafin a isa asibiti?

Dakta Nasiru:
A buɗe ƙofa da taga, a fitar da su sarari nan take, a kashe abin da yake hayaƙin, a kai su asibiti ko da sun ce sun warware, kuma a gaya wa likita cewa da garwashi ko janareta suka kwana. Kada a ɗura wa wanda bai farfaɗo ba madara ko manja, domin zai iya shaƙewa, kuma ba sa cire gubar. Maganinta oksijin ne mai yawa.

Malam Buhari:
Salamu alaikum. Ni malamin gona ne a yankin Wurno, kuma ina so in tuna wa malamai cewa darasin nan ba na mutum da dabba kaɗai ba ne. Yara da yawa suna fita sakandare da tunanin cewa shuka da rana take haɗa abinci, da dare kuma take numfashi. Shuka tana numfashi dare da rana, illa dai da rana aikin ganye na haɗa abinci yana rinjayar numfashin. Saiwa kuwa ba ta ganin rana sam, daga iskar da ke tsakanin ƙwayoyin ƙasa take samun oksijin. Wannan ne ya sa idan gulbin Rima ya cika a watan Agusta ruwa ya kwanta a fadama kwana biyu ko uku, masara da tumatir sukan yi yaushi alhali suna tsaye cikin ruwa, manomi ya rasa gane yadda shuka za ta yi ƙishi a tsakiyar tafki. Saiwar ce ta shaƙe, ta kasa samun ATP da za ta ja ruwa da taki. Shinkafa tana tsira ne domin tana da hanyoyin iska a cikin karanta da suke kai oksijin daga ganye har saiwa.

A wajen ajiya ma haka ne. Albasa da aka cire tana da rai, tana numfashi, tana fitar da zafi da laima, shi ya sa manoman Wurno da Goronyo da Kware suke ajiye ta a rudu inda iska take ratsawa, wanda kuwa ya tura ta ɗaki ya rufe zai tarar da ruɓa. Wake kuma akasin haka ake yi masa: a zuba shi a buhun nan mai leda biyu a ciki, a ɗaure kowace da kyau, ƙwarin da ke ciki su cinye ɗan oksijin da ya rage su mutu, ba tare da an zuba magani ba. Busasshen wake numfashinsa ƙasa yake ƙwarai, shi ya sa rashin iskar ba ya cutar da shi, amma da sharaɗin ya bushe sarai kafin a ɗaure.

Alhaji Ladan:
Malam Buhari ya taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Ina kiwon kifi a bayan gari, kuma a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato yake haura digiri 40, na sha tarar da karfasa sun taso saman ruwa da asuba suna buɗe baki, tarwada kuwa ko a jikinta. Ina neman bayani daga masana.

Mu'azu:
Alhaji, abubuwa uku ne suka haɗu. Ruwa mai ɗumi ba ya riƙe oksijin kamar mai sanyi, kifi kuma jikinsa yana bin zafin ruwa, don haka numfashinsa yana ƙaruwa daidai lokacin da iskar ta ragu. Sa'an nan gansakukar da take ba ruwa oksijin da rana, da dare ita ma ci take yi, tare da ƙwayoyin bakteriya da suke ruɓar da ragowar abinci, shi ya sa asuba ce lokaci mafi tsanani. Tarwada tana da wata gaɓa a cikin kai da take ba ta damar shaƙar iskar sarari. Gaiwa ma ta fi ta, domin huhu gare ta, idan tafki ya ƙafe sai ta shige laka ta bar 'yar kafar iska, ta rage aikin jikinta ƙwarai, ta yi watanni tana rayuwa da abin da ke jikinta. Maganar da Hausawa suke yi cewa gaiwa jikinta take ci gaskiya ce ta kimiyya. Rage abinci a kwanakin zafi da motsa ruwan kafin asuba suna taimakawa.

Malam Sa'idu:
Na karanta duka, kuma maganar sayanaid da Likita ya kawo ta kama ni, domin misalina ba ya iya ɗaukarta. Duk da haka ba zan ce a jefar da wuta ba. A fara da ita, domin ita ce yaro ya sani, a nuna masa abin da yake shiga da abin da yake fita, sa'an nan a rana ta biyu a tambaye shi abin da ya bambanta murhu da jikinsa, a kawo masa layin leburorin Mu'azu. Kuma ina roƙon a daina kiran abu biyu da suna ɗaya. A ce shaƙa da fitar da iska ga aikin huhu, a ce numfashin ƙwayar halitta ga wancan, domin rabin ruɗanin daga kalmar yake. Yaron da ya ga 'yan kokawa suna haki bayan an tashi wasa zai gane cewa tsoka ta yi aiki fiye da oksijin da ya iso mata, ta koma ga ATP 2 na matakin farko, laktet, abin da fairubet yake komawa idan oksijin ya gaza, ya taru, hakin kuma na daga cikin hanyoyin maido da jiki daidai. Yis a ƙullun burodi ma wannan gajeriyar hanya yake bi, sai dai shi kabon dayoksaid da giya yake fitarwa, iskar ta kumbura ƙullun.

Mu'azu:
Na amince da wannan tsari, Baba, amma ina da sharaɗi guda, kada a bari yaro ya fita ajin bai ji cewa oksijin ruwa yake zama ba.

Malama Asma'u:
Zan gyara wannan ranar Litinin in sha Allah, kuma a gaban yarinyar da ta yi tambayar. Matsalata ita ce ɗakin gwajinmu ba shi da kayan aiki. Akwai gwajin da zan iya yi da abin da ke gida, wanda zai nuna musu zafin numfashi ba tare da harshen wuta ba?

Malam Sa'idu:
Akwai, 'yata. Ki samo filas biyu na shayi da ma'aunin zafi biyu. Ki jiƙa wake ko dawa kwana ɗaya har ta fara tsiro, ki raba biyu, ki dafa rabi ki bar shi ya huce sarai. Ki zuba kowanne a filas ɗinsa, kada ki cika, ki tura ma'aunin har cikin ƙwayar, ki toshe bakin da auduga maimakon murfi domin iska ta riƙa shiga. Yara su riƙa rubuta zafin safe da rana har kwana uku ko huɗu, za su ga na mai tsiro yana hawa, na dafaffen yana nan inda yake.

Mu'azu:
Ƙari ɗaya, Anti. Ki ɗauraye duka biyun da ruwan da aka ɗiga wa ɗan bilic kafin ki zuba, in ba haka ba bakteriya za su kama dafaffen, su ma su yi nasu numfashin, filas ɗinsa ya ɗauki zafi, yara su ruɗe. Idan ma'aunin zafi ne babu, ina da guda biyu, zan ba direban da yake bi ta Mabera ya kawo miki ranar Lahadi bayan la'asar.